Nafkin da kashin jariri: ina ruwan ɗaurayar farko zai tafi?

Wata ƙanwarmu ta rubuto tana cewa: "Assalamu alaikum, Yaya. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto miki. Yaƙi ne ya taso mu daga Khartum muka dawo gidan iyayen maigidana, kuma a nan na haihu. Yaron yanzu watansa biyar, nono kaɗai yake sha. Famfas ya fi ƙarfinmu, saboda haka nafkin nake sa masa. Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta ce kashin mai shan nono ba ƙazanta ba ne, nono ne ya fito, in riƙa ɗauraye shi a bakin magudanar tsakar gida kada in ɓarnatar da ruwa, tun da sayensa muke yi a wurin masu karo, wato masu amalanken jaki. Maigidan yana ƙorafin ɗaki na wari, yaron ga ƙuraje a matse-matsinsa, ni kuma zuciyata ba ta natsuwa da sallata domin ban san ko tufafina suna da tsarki ba. Ina jin nauyin Hajiya ƙwarai. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana yaro, ya shirya shi, ya kuma kawo ƙarshen wannan fitina da ta raba mutane da gidajensu. Damuwa huɗu kika kawo, amma guda ɗaya ce ba ta jiran gobe, wato wurin da kike zubar da ruwan da kika fara ɗauraye nafkin da shi. Wannan ruwan kashi ne da aka narkar, kuma duk inda bai dace babban mutum ya tsuguna ba, bai dace a zuba shi ba. Masai ne kaɗai wurinsa. Idan kika gyara wannan, za ki tarar da warin ɗaki da ƙurajen yaro da wasiwasin salla duk sun zo da sauƙi, domin igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ina so ki fara fahimtar abin da ya sa Hajiya take faɗin abin da take faɗi, domin ba ita kaɗai ba ce, haka iyayenmu da yawa suka taso suka ji. Kashin yaron da bai fara cin abinci ba rawaya ne, mai laushi, wani lokaci da 'yan gudaji kamar ƙwayar riɗi, warinsa bai wuce na nono mai tsami ba, kuma da an zuba masa ruwa sai ya narke ya bi ruwan. Wanda ya dube shi da ido ba zai ga abin tsoro ba. To amma ƙwayoyin cuta ba da ido ake ganinsu ba, kuma masana lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa bahayar ƙananan yara ta fi ta manya haɗari, saboda yara sun fi yawan kamuwa da cututtukan ciki, ga shi kuma ita ce ake yi wa sakaci a bar ta a fili. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke koyar da cewa a zuba kashin yaro ko a ɗauraye shi cikin masai. Ki dubi tsakar gidanku da kyau. Ruwan da kika zuba a magudana ba ya ɓacewa, musamman a baƙar ƙasar Gadarif mai laka wadda ba ta saurin shanye ruwa da damina. Ƙuda zai sauka a kai ya tashi ya sauka a kan kisira, gurasar nan ta dawa, kaza za ta tona ta shiga madafa, takalmi zai taka ya kai ƙofar ɗaki, kuma nan da wata uku ko huɗu shi kansa yaron zai fara rarrafe a wannan ƙasar yana kai hannu baki. Hannun da ya wanke nafkin bai ga sabulu ba kuwa, shi ne zai ɗauki moɗa ya tsoma a randa, daga nan gida duka ya sha.

Ba a garin da za a yi wasa da wannan kike zaune ba. A watan Satumba na 2023 a jihar Gadarif ne hukumomin lafiya suka ayyana ɓarkewar kwalara, sannan a watan Agusta na 2024 aka sake ayyana ta a ƙasar, Kasala da Gadarif suna cikin wuraren da ta fi tsananta. Yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga cikinsu ba sa nuna alamar komai, amma suna iya fitar da ita a bahayarsu har kwana 10. Haka kuma yaron da aka ɗiga wa rigakafin shan inna, ko na rota mai kare yara daga mummunar gudawa, wanda Sudan ta fara bayarwa tun 2011, yakan ɗauki wani lokaci yana fitar da raunanan ƙwayoyin a kashinsa. Wannan ba dalilin ƙin rigakafi ba ne ko kaɗan, dalili ne na wanke hannu da sabulu da kuma kai kashin inda ya dace.

Yanzu ga yadda aikin yake. Ki ware wa wannan hidima kayanta: bokiti mai murfi, da ƙaramar roba, da wani abin kankara, ko da tsohon cokali ne ko ɓallin tsohuwar jarka da aka yanke. Ki yi musu alama yadda kowa a gidan zai san ba na wanke-wanke ba ne, ba kuma na alwala ba, sannan ki ajiye su kusa da banɗaki nesa da madafa da randa. Idan yaro ya yi kashi, ki fara da shi tukuna, ki wanke masa da ruwa a kan robar nan, ki tsane shi da ƙyalle mai laushi, ki kwantar da shi a wuri mai aminci. Daga nan ki ɗauki nafkin da robar ki shiga banɗaki, ki kankare abin da zai kankaru a ramin masai, ki zuba ruwa kaɗan da buta kina murza ƙyallen da kansa har kashin ya fita, ki juye ruwan duka a ramin, ki matse nafkin ki jefa a bokiti ki rufe. Ki ɗauraye robar da cokalin a nan inda kike, sannan ki wanke hannuwanki biyu da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, tun kafin ki taɓa yaron ko nononki ko ƙofar madafa. Ranar da sabulu ya yanke, toka ta fi ruwa zalla. Da ruwan sanyi ake wannan ɗauraya ta farko, domin ruwan zafi yana dafa tabon ne ya kama zare ya ƙi fita.

Na san abin da zai faɗo miki a rai shi ne ruwa, kuma a nan gaskiyar Hajiya ce, domin wanda yake ƙirga jarka yana biyan mai karo ba zai so ganin ana kwarara ba. Sai dai ɗaurayar farko ba ta bukatar ruwa mai kyau. Ruwan da kika ɗauraye tufafin manya da shi, da wanda kika yi wa yaro wanka, da ruwan ɗaurayar ƙarshe ta wankin jiya, duk ki tara su a wata jarka daban mai murfi, su ne na wannan aiki. Ruwan da kuka saya sai ya tsaya a wanki da ɗaurayar ƙarshe kawai. Idan kika yi haka, ba za ki kashe fiye da abin da kike kashewa a bakin magudana ba, wurin zubarwa ne kawai ya sauya. Idan kuwa wata rana masai ya cika ko ya rufta da damina, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa. Kada a kai nafkin bakin kogi ko hafiri, wato tafkin da ake tara ruwan sama, ko magudanar noma a wanke, domin wasu daga nan suke ɗiban na sha.

Kada ki jiƙa nafkin a ruwa ki bar shi ya kwana. Mata da yawa suna ganin jiƙon shi ne tsabta, alhali a zafin da yakan haura digiri 40 wannan ruwan kafin yamma ya zama mazaunin ƙwayoyin cuta, kuma shi ne tushen warin da maigida yake ƙorafi a kai. Akwai kuma abin da ya fi wari muni: yaro mai koyon tsayuwa yana iya dafa bakin bokiti ya kifa da kai a ciki, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi ba tare da an ji motsinsa ba. Bokitin ya zauna babu ruwa, a rufe, a inuwa, a wajen ɗakin kwana. Turaren wuta ba ya kawar da wannan wari, haɗuwa yake yi da shi, hayaƙin kuma ba ya yi wa ƙirjin jariri daɗi. Fitar da bokitin daga ɗaki da yin wanki kullum su ne maganinsa.

Wankin kansa ki yi shi da safe domin ki samu rana. Ki dafa ruwa ya yi zafi sosai, ki zuba a kan nafkin da sabulun wanki ko omo daidai gwargwado, ki bar shi ya ɗan huce yadda hannu zai iya shiga, ki cuɗa da kyau, sannan ki ɗauraye har sai ruwan ya fito garau babu kumfa kuma ƙyallen ya daina santsi. Ruwan wankin ma masai za shi. Ki shanya a igiya a buɗe, kowane ɗaya daban, a tsakiyar rana, ba a kan katanga ko dangar kara ba. Rana tana busarwa, tana rage ƙwayoyin cuta, kuma za ki yi mamakin yadda take cinye rawayan tabon da sabulu ya gaza. Da damina, idan hadari ya hana bushewa, ki bi su da dutsen guga mai zafi, kada ki taɓa ɗaura wa yaro nafkin mai danshi. A kwanakin lafiya wannan ya wadatar. Idan yaro yana gudawa, ko akwai mai amai da gudawa a gidan ko a maƙwabta, sai ki ƙara da tafasa nafkin na minti 5 a tukunyar da aka ware masa. In gawayi ya yi tsada, ki zuba cokalin shayi 2 na ruwan kloro na wanki, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, a kowace lita ɗaya ta ruwa, ki jiƙa wankakken nafkin kamar minti 15, sannan ki ɗauraye sosai. Sai bayan an wanke ake sa kloro, domin idan ya haɗu da fitsarin da ya kwana yana tayar da iska mai cutar da ido da ƙirji, kuma ba a haɗa shi da wani maganin wanki.

Jariri yakan bukaci canji sau 8 ko fiye a yini, saboda haka ki nemi nafkin kamar 20 domin wasu suna jiki wasu suna igiya. Ba sai na kanti ba, tsohon zani ko tsohon tobi, lulluɓin matan Sudan, na auduga da ya sha wanki ya yi laushi ya fi sabon yadi shan ruwa. Ki kuma yayyanka wasu ƙananan ƙyallaye masu faɗin tafin hannu ki riƙa shimfiɗa ɗaya a cikin nafkin, yadda kashin zai sauka a kansa, ki ɗauke shi kaɗai ki ɗauraye da ruwa kaɗan. Amfanin wannan zai fi bayyana nan da wata guda. Idan ya cika wata 6 kika fara ba shi kunu da ɗan abinci mai laushi tare da nono, kashin zai yi kauri, ya sauya launi, ya yi wari irin na manya, ya kuma daina narkewa a ruwa. A lokacin kankarewa ce rabin aikin, kuma sau da yawa da kin karkaɗe ƙyallen a bakin ramin zai faɗa da kansa.

Akwai wata dabara ta iyayenmu da nake so ki roƙi Hajiya ta koya miki, domin na tabbata ta fi ni iya ta. Uwa takan zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora yaro a kan ƙwaurinta yana fuskantarta, ta tallafe shi, ta bar 'yar tazara a tsakani, ta sa fo ko roba a ƙasa, tana yi masa 'yar ƙara da baki har ya saba. Yara da yawa suna da lokacinsu, galibi da sun farka da safe ko jim kaɗan bayan sun sha nono, kuma suna nuna alama da yunƙuri ko jan fuska. Ba horo ba ne, ba a tilasta wa yaro, ba a kuma tsawata masa idan bai yi ba. Amma duk kashin da ya sauka a fo nafkin ɗaya ne da ba za ki wanke ba, ruwa ne kuma da ba za ku saya ba. Abin da zan ƙara a kan yadda aka saba shi ne kada ya sauka a ƙasa a rufe da yashi a share, a fo zai sauka, fo kuma a juye shi a masai a wanke.

Ƙurajen matse-matsi yawanci daga abu uku suke zuwa: daɗewar fata a cikin jiƙa, ragowar sabulu a ƙyalle, da wandon roba da ake ɗorawa a sama wanda yake hana iska shiga. Ki canza masa da zarar ya ɓata, ko da tsakar dare ne idan kashi ne. Ki wanke da ruwa zalla, ki tsane ba tare da gogawa ba, ki bar shi tsirara a kan tabarma da ƙyalle a ƙarƙashinsa na wani lokaci sau da yawa a yini, wandon roba kuma ki bar shi sai za a fita unguwa. Man shafawa mai sinadarin zink da ake samu a kantin magani yana kare fata, ko basilin idan shi ne a hannu. Ki bar hoda, domin tana dunƙulewa a lungun fata kuma yaro yana shaƙarta, kada kuma ki zuba Dettol a ruwan ɗaurayar ƙarshe. Idan bayan kwana 3 bai yi sauƙi ba, ko wurin ya yi ja sosai har cikin lungun cinya da ƙananan ɗigo a gefe, ko ya fara ruwa, ki kai shi asibiti, domin irin wannan yana bukatar maganin da likita zai rubuta.

Kafin ki ɗauraye kowane nafkin, ki dube shi, domin yana ba ki labarin cikin yaronki. Rawaya da kore da ruwan ƙasa duk lafiya ne, kuma mai shan nono zalla yana iya yi sau da yawa a yini ko ya yi kwanaki bai yi ba, muddin yana shan nono da kyau, cikinsa bai kumbura ba, kuma idan ya yi mai laushi ne. Wanda ba a jira da shi shi ne kashi fari ko mai launin toka, domin yana iya nuna matsalar hanta ko toshewar hanyar ɗaci, sai mai jini, sai baƙi bayan an wuce na kwanakin farko na haihuwa alhali ba ya shan maganin ƙarin jini. Idan kuma ya koma ruwa tsululu fiye da yadda ya saba, kada ki yarda a ce miki haƙori ne a zauna. Ki ƙara ba shi nono, ki fara ba shi ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari na gudawa, ki kai shi wurin ma'aikatan lafiya su ba shi zink na kwana 10 zuwa 14. In kika ga maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, fitsari ya ragu, ko ya kasa kama nono, a wannan sa'ar za ki fita da shi, ko dare ne.

Game da sallarki, ki kwantar da hankalinki, domin malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi maganar mai shayarwa tun da daɗewa. Kashin jariri da fitsarinsa najasa ne, ko ya fara cin abinci ko bai fara ba, amma an yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinta ko jikinta daga yaron matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, kuma an so ta ware tufafi na salla. Saboda haka ki keɓe zani ɗaya da riga da mayafi, ki rataye su a inda yaro ba ya kaiwa, ki sa su lokacin salla ki cire bayan sallama, kada kuma ki haɗa wankinsu da na nafkin. Inda kika ga najasa a fili ki wanke wurin da ruwa mai tsarki wanda sabulu bai sauya shi ba, har ainihinta ya gushe. Launin da ya ƙi fita bayan an yi iya yi ba ya hana tsarki. Abin da ba ki gani ba kuma ba ki tabbatar ba, ba a ɗora miki bincikensa ba. Idan wani abu ya shige miki, ki tambayi malamar islamiyyar unguwarku ko ki sa maigida ya tambayi limami.

Saura Hajiya. Kada ki je mata da "likitoci sun ce", kada kuma ki gyara mata magana a gaban 'ya'yanta, domin kina zaune a gidanta ne a lokacin da ita ma nauyi ya yi mata yawa. Ki fara da neman koyo: ki ce, "Hajiya, ina so ki nuna mini yadda ake ɗora yaro a ƙafa, wankin nan ya yi mini yawa." Wadda aka nemi iliminta takan saurari wanda ya nema. Daga nan ki nuna mata jarkar ruwan da kike tarawa, domin ta ga ba za a taɓa na saye ba, sannan ki ce kina tsoron kwalarar da ta addabi gari, kina so ki riƙa kai ruwan kashin masai saboda jikokinta da suke wasa a tsakar gida. Ba na jin akwai kakar da za ta ƙi wannan. Maigida kuma, tun da shi ne warin ya dama, ki gaya masa cikin ladabi abin da ake bukata daga gare shi: bokiti mai murfi, fo, sabulun da ba ya yankewa, igiyar shanya a inda rana take faɗuwa, da murfi a bakin ramin masai saboda ƙuda. Idan akwai abin da ya kamata a faɗa wa Hajiya wanda ya yi miki nauyi, shi ya kamata ya faɗa, da bakinsa, a matsayin ra'ayinsa. Ki rubuto mini bayan mako biyu in ji yadda ƙurajen suka yi, ki kuma gaishe mini da Hajiya.